Mashayar da Ba Ta da Ƙofa

Ranar da hukuma ta zo rufe mashayar Toto Asekenye, wato Inna Asekenye a harshenmu, da kwaɗo ta zo, sabo fil, makullinsa na reto a jikin zare. Ina zaune a bakin randa na hango su tafe, sai da na cire karan zuƙar giya daga bakina don kada dariya ta shaƙe ni. Mashayar garinmu Akworot ba ta da ƙofa. Inuwar mangwaro ce, da randa a tsakiya, da mutane kewaye da ita. Me za ka kulle a nan? Amma wanda bai san matar ba zai ce ƙarin gishiri nake yi, don haka bari in ɗauko zancen daga tushe. Ni ne Ekaju mai gyaran keke, rumfata na kallon mangwaron nan tun ina da gashi a ka.

Randar ta riga Asekenye zuwa garin. Surukarta ce ta fara dafa ajon, giyarmu ta tamba, a wurin, tun zamanin da maza ke dawowa daga awon auduga da 'yan shilin a ƙugu da ƙishirwa a maƙogwaro. Aka kawo Asekenye amarya daga ƙetaren fadama, siririya, mai ƙaramar murya, mutane suka ce wannan ko tulu ba za ta iya ɗagawa ba. Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa, ta miƙa mata muciya. A hannunta ta koyi kwaɓa garin tamba, da binne shi a rami har ya yi tsami, da toya shi a faffaɗan kaskon ƙarfe hayaƙi na cin ido, da shanyawa, da haɗa shi da tsiro. Kafin tsohuwar ta rasu, masu sha sun daina gane hannun wa suke sha.

Lasisi kuwa da sunan mijinta Emokol aka yanka, don a lokacin ba a rubuta sunan mace a irin wannan takarda. Emokol mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙazafi ba, amma ko ruwan zafi bai taɓa dafawa ba. Gudummawarsa ga sana'ar ita ce sha, kuma ya riƙe ta da gaskiya.

Zaman randa yana da dokarsa. Kowa da karansa, dogo har ya fi mutum tsawo, da 'yar rariya a bakinsa mai tace dusa. Maza a kujeru, mata a tabarma a gefe guda, kowa ya zura nasa cikin randa daga inda yake. Ba a riƙe kara da hagu. Ba ka magana sai shugaban randa ya ba ka baki, kuma tun da na yi wayo Papa Ilukor ne shugaba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai kunne ɗaya da rabi. Babbar cikin dokokin ita ce ba a tsallake karan mutum. A wurinmu wanda ya tsallake karanka ya tsallake gawarka ne tun kana numfashi. Na ga baƙon ɗan kasuwa ya yi haka cikin rashin sani, sai da ya yanka zakara kafin a sake yi masa magana. Idan mai kara ya mutu, Asekenye takan soke karan a jinkar ɗakinta har ɗansa ya zo nema.

Sai shekarun da mahara suka kwashe mana shanu suka zo. Emokol ya ɗauki mashi ya bi sawun garkensa, har yau bai dawo ba. Da gari ya watse aka gudu daji, Asekenye ba ta ɗauki tufafi ba, sai ta kife randar a ramin tsami ta rufe da ƙasa, ta goyi 'yarta Amuge ta bi mutane. Ta dawo ta tarar da gida ya zama toka, randa kuwa ko tsaga babu. Dangin miji suka zauna suka ce tunda mace kaɗai ta haifa, gona ta koma hannun ƙannen Emokol. Suka bar mata ɗaki guda da mangwaro. Da ana shuka a ƙarƙashin mangwaro, da shi ma sun karɓe.

Duk shekara takan ɗaura zanenta mai kyau ta je ofishin gunduma sabunta lasisi. Tsohon akawu ya ce, "Ina Emokol?" Ta ce, "Ya bi shanu." Ya buga hatimi. Haka suka yi ta yi har aka kawo sabon akawu, ya ce mamaci ba ya sayar da giya, idan tana so a sa sunanta sai ƙannen mijinta sun yarda. Ta ce ta gwammace ta sha ruwan kwata da ta durƙusa wa waɗanda suka cinye gonarta. Ta ɗauko faifai da kwandon gyaɗa ta zauna a ƙofar ofishin tana ɓara. Kowa zai shiga sai ya taka ɓawo. Ta yi ta zuwa kullum, ba zagi, ba roƙo, har akawun ya gaji da shara ya rubuta sunanta.

Bayan wasu shekaru aka ce mashaya sai ɗaki mai bango huɗu da ƙofa da taga. Muka haɗu muka gina mata. Ranar da mai dubawa zai zo muka cusu a ciki da randa, gwiwa na gogar gwiwa, kara na tsokanar ido. Na Papa Ilukor sai ta taga ya fita, shi yana waje yana zuƙa. Mai dubawa ya ga bango, ya ga ƙofa, ya sa hannu ya tafi. Ƙurar babur ɗinsa ba ta kwanta ba muka mirgino randa zuwa inuwa. Ɗakin kuwa kaji suka gaje shi, sun ma fi mu jin daɗinsa.

Duk waɗannan baƙi ne, sun yi nasu sun wuce. Wanda ya ba mu wuya namu ne. Ojakol ɗan garin nan ne, ɗan Toto Ajilong, na sha liƙe masa tayar keken da yake zuwa makaranta da shi. Ya yi karatu, aka naɗa shi mai gunduma, ya dawo da babur da takalmi sau-ciki mai ƙyalli. Ba ɓarawo ba ne, wannan na shaide shi. Abin da ke ba ni haushi da shi, duk abin da ya taso ya tarar a garin nan kunya yake ba shi.

A shekarar ni na ɗauki Asekenye a bayan keke zuwa ofis, don ƙafafunta sun fara ciwo. Na tsaya a bakin ƙofa, komai a kunnena.

"Toto, ga kujera," in ji Ojakol.

"Ban zo zama ba, ɗana. Takardata na zo karɓa."

"Bana dai babu. Duk mai sayar da abin sha, sai a kofi, kowa da nasa, a cikin ɗaki. Wannan zuƙe-zuƙen a randa guda shi ke yaɗa tari."

"Ajon a kofi? To dusar fa, da haƙori za su tace?"

"Ni dai na faɗa miki doka."

"Ojakol," ta ce, "ranar sunanka da yatsan nan na ɗiga maka ajon ɗin randar nan a harshe. Ka tsotsa ka ƙi sakin yatsan, shi ya sa aka ce ka karɓi sunan. Ban ji ka yi tari ba."

Akawuna suka fashe da dariya, kuma dariyar nan ce ta ɓata komai. Na ga fuskarsa ta ɗaure.

"Ba wanda ya hana ki dafawa," ya ce. "Giyar suna, ta makoki, ta gayya, ba ruwan hukuma da su. Sayarwa ce babu. Na sake ganin randar nan a waje kina karɓar kuɗi, zan ɗauke ta." Sai ya yi wani ɗan murmushi. "Ki kira gayya mana, Toto. Sai dai ban san a wace gona ba."

Babu wanda bai san abin da aka yi mata kan gona ba. Wallahi da ina da ƙarfin saurayi da na shiga na mare shi, a ɗaure ni. Ita kuwa ba ta ko ƙifta ido ba, ta gyara zane ta fito. Muka kama hanya har muka kai rafi. Ta ce in tsaya, ta sauka ta wanke fuska, ta daɗe tana wankewa.

"Ekaju, ka ji abin da yaron nan ya ce?"

"Na ji, Toto."

"To ka riƙe mini shi, kada in manta."

Ta kife randa. Mangwaro ya zama wurin kwanan awaki. Maza suka koma shagon bakin titi inda ake sayar da barasa a leda, wadda ke kwantar da ƙato a kwalbati tun rana na tsaka. Ita wannan tana da lasisi, an ma sa shi a gilashi an rataye. Amuge ta aiko daga birnin Soroti cewa uwar ta tattaro ta zo, akwai ɗaki. Na san ɗakin, taga guda ce kuma bangon maƙwabci take kallo. Ƙannen Emokol kuwa har sun kawo mai gawayi ya zagaya mangwaron yana auna kaurinsa da hannu. Kowa ya san lissafin: idan randa ba ta tashi ba, Asekenye za ta bar garin, a sare itacen, a manta an taɓa zama a wurin.

Ta ɗaure kayanta, ta shiga sallama gida-gida. Ta bar gidan Ajilong a ƙarshe, don tare aka kawo su aure a damina ɗaya, tare suka gudu daji, tare suka zama gwauraye. Ni na kai ta. Ajilong na zaune a ƙofar ɗaki da gwiwoyi kumbure, a bayanta ga gonar tamba ciyawa ta shanye ta, da kyar kake ganin shuka. Ɗanta yakan aiko mata da sukari da sabulu, amma sukari ba ya riƙe fartanya.

"Ke, wannan gona ce ko daji?" in ji Asekenye.

"Daji ne. Ɗana ne mai gadinsa."

Asekenye ta tsaya tana kallon ciyawar nan, ta manta da sallamar da ta kawo ta.

"Kina da tamba a rumbu?"

"Ta bara, 'yar kaɗan. Me za ki yi da ita?"

"Giyar gayya zan dafa miki."

Ajilong ta dafe ƙirji. "Asekenye, so kike ki haɗa ni da ɗana?"

"Shi ya tambaye ni a wace gona, a gaban mutane. Ai ba a barin babban mutum babu amsa."

Sai kafaɗun Ajilong suka fara rawa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kai Ekaju, me kake jira? Hau rumbu mana!"

Ranar gayya tun rana ba ta yi zafi ba gari ya fito da fartanyu, har da waɗanda barasar leda ta mayar da su kamar tsumma. Papa Ilukor bai iya sunkuyo ba, sai ya tsaya a kan suri yana zagin masu lalaci da sunan kakanninsu. Kafin rana ta karkata gona ta fito tas. Muka dawo gindin mangwaro da laka har gwiwa, muka jingine fartanyu a jikin itace, aka kawo Ajilong a keke aka zaunar a tabarma. Asekenye ta tayar da randa, ta zuba ruwan zafi, ƙamshi ya tashi. Na ga dattawa suna share ido suna cewa hayaƙi ne, alhali babu wuta kusa.

Mai shagon bakin titi ne ya kai tsegumi. Ba mu yi nisa ba sai ga a-kori-kura, Ojakol ya diro da 'yan sanda biyu, ɗaya riƙe da kwaɗon nan. Shi da aka haifa a nan ya san babu ƙofa, amma a takarda ɗaki ne, shi kuwa takarda yake wa aiki.

"Wa ya ba ku izini?" ya daka tsawa.

Papa Ilukor ya juyo da kunnensa mai kyau. "Yaro, ba a ba ka baki ba."

"Papa, ba wasa ya kawo ni ba. Toto, me na gaya miki?"

Asekenye ta ajiye butar ruwan zafi. "Ka ga kuɗi a hannun wani? Dubi ƙafafunsu. Gayya muka yi."

"Gayyar ƙarya! A gonar wa?"

"Tawa," in ji wata murya daga tabarma.

Sai a lokacin ya ga uwarsa, da kara a hannu, da ɗankwalinta na zuwa coci. Asekenye ta shiga ɗakinta ta fito da wani kara da hayaƙi ya baƙanta, ta miƙa wa Papa Ilukor.

"Na ubanka ne," in ji Ilukor. "An nome gonar gidanku. Kai ne namijin gidan, sai ka zauna ka zuƙa, ka gode wa mutane. Haka ubanka ya yi, haka kakanka."

Da ya zauna da an gama, mu ba masu riƙo ba ne. Amma ga 'yan sandansa na kallo.

"Ni ban sa kowa aiki ba," ya ce. "Ku ɗauko randar nan."

'Yan sandan suka zagaya mu sau ɗaya, suka sake zagayawa. Ko'ina ka duba kara ne miƙe daga hannun mutum zuwa randa, babu inda ƙafa za ta bi. Su ma 'ya'yan ƙabilarmu ta Teso ne, an ɗiga musu ajon a harshe kamar kowa. Babban cikinsu ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, babu hanya."

"Ku janye karanku!" in ji Ojakol.

Ba wanda ya motsa. Ilukor ya sa nasa a baki, muka bi shi gaba ɗaya, ba ka jin komai sai ƙarar zuƙa a gindin randa. Ban taɓa shan ajon mai daɗin na wannan lokacin ba.

Ojakol ya ce to shi zai ɗauko da kansa. Ya zaga ɓangaren mata, don nan karan suke ƙasa-ƙasa, kusan a kwance. Ya ɗaga takalmin nan mai ƙyalli. Karan da ke gabansa na uwarsa ne. Ajilong ta ɗago ta dube shi.

"Tsallaka mana, ɗana. Ai kai ne hukuma."

Ƙafar ta tsaya a sama. Duk karatun da ya yi bai kai ga wannan ƙafar ba. Na ga gumi na bin wuyansa, kuma gaskiya a nan tausayinsa ya ɗan kama ni, kaɗan dai. Ya mayar da ƙafar inda ta fito. Ya waiga hagu da dama yana neman abin da zai kai rahoto, sai ya fizgi kwaɗon ya je ya garƙame ɗakin kaji, ya hau mota. Da ƙura ta lafa Asekenye ta ɗauki fartanya ta huda wa kajin rami a gindin bango, ta dawo ta ƙara ruwan zafi.

Daga nan gona-gona aka dinga bi. Mai gona ya kawo tamba, Asekenye ta dafa ta cire rabonta na hatsi, a yi noma da safe, a zauna a mangwaro da yamma. Rani ya yi, aka koma jinka da yaɓen ɗaki da yashe rijiya. Kada in yi muku ƙarya, ba ta samu kamar lokacin da take sayarwa ba. Ta daina shan shayi da sukari, zanenta mai kyau ya koɗe ba ta sake wani ba. Amma ta kwance kayan da ta ɗaure, ta aika wa Amuge da buhun gyaɗa da saƙon cewa ta ba wani hayar ɗakin. Ƙannen Emokol ma ciyawa ta ci ƙarfinsu, suka zo da tamba suna sunkuyar da kai. Ta dafa musu, amma sai da aka gama da gonar kowa. Tun daga ranar ba a sake ganin mai gawayi ba.

Ojakol bai ba da lasisi ba, ita kuma ba ta sake taka ofishin ba. Haka aka zauna shekaru, idan ya zo gaida uwarsa sai ya bi ta bayan gari.

Bara, farkon damina, Ajilong ta rasu. Da hantsi ina rumfa na ga mutum tafe a ƙasa yana tura keke da buhu a baya. Sai da ya matso na gane Ojakol ne, babu babur, da silifa a ƙafa, furfura ta fito masa. Ya jingine keken a mangwaro ya tsaya. Asekenye na zaune a ƙofar ɗaki, idanunta sun kumbura, tun jiya ba ta ci komai ba.

"Toto," ya ce, "za a zo makoki. Ba ni da wanda zai dafa mata sai ke."

"Sauke buhun. Ba don kai ba."

Ya sauke. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro takarda mai hatimi, ya miƙa da hannu biyu. Lasisi ne da sunanta, babu zancen kofi, babu zancen ɗaki. Na bar aikina na matso, zuciyata na cewa karɓi, Toto, karɓi ki sha shayi da sukari.

Ba ta miƙa hannu ba. Ta dafa bango ta tashi, ta shiga ɗaki ta fito da baƙin karan nan, ta ɗora masa a kan takardar.

"Wannan naka ne, na gaji da ajiya. Takardar kuwa mayar inda ka ɗauko. Ranar da na zo da ƙafata na roƙa, ka tambaye ni a wace gona. Juya ka duba gabas, ka duba yamma, ka nuna mini guda ɗaya da ba randar nan ta nome ba."

Ya juya ya duba, tamba ta yi kore shar har bakin fadama. Kafin ya waiwayo ta durƙusa ta kwance bakin buhun, ta cusa hannu ciki tana kuka, tana faɗa wai tambar duk tsakuwa ce, Ajilong ba ta taɓa iya sheƙa ba.